Yarinyar da ke Bencin Baya: Shin Horo Yana Hana a Yi Mata Addu'a a Tsakiyar Sujada?

Baba dattijo, gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na karanta saƙonku sau biyu kafin in zauna amsa shi, domin na ga alamar cewa wanda ya rubuto mutum ne da abin ya hana shi barci. Bari in maimaita abin da kuka faɗa a taƙaice, saboda waɗanda za su karanta tare da mu. A ikilisiyarku da ke wajen Sabon Tasha akwai yarinya 'yar shekara 19 wadda majalisar dattawa ta sa a horo na shekara ɗaya saboda ta yi ciki ba aure. An kai ta ƙauye wurin kakarta, ta yi naƙuda kwana uku, jaririn bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Tun da ta dawo Kaduna take zuwa sujada, ta shimfiɗa leda da tsohon zane a bencin baya kusa da ƙofa, mutane kuwa suna barin tazara tsakaninsu da ita. Wata Lahadi fasto yana cikin wa'azi ya ji kukanta, sai ya sauko daga bagade, ya kira matan zumunta suka kewaye ta, ya ɗora mata hannu ya yi addu'a, har sujadar Hausa ta wuce lokacinta da minti 40, masu sujadar Turanci suna tsaye a waje cikin rana. Ku da wasu dattawa biyu kuka ce wannan bai dace ba, domin horonta bai ƙare ba, majalisa ba ta zauna a kan maganarta ba, addu'ar marasa lafiya kuma tana da ranarta, wato Laraba da yamma. Kun ƙara da cewa har yanzu yarinyar ba ta warke ba, kuna tambaya ko hakan yana nuna Allah bai yarda da abin da aka yi ba.

Amsata ita ce faston ya yi daidai, kuma zan faɗi dalili daga Littafi Mai Tsarki, sannan in nuna inda nake ganin ku ma kuna da gaskiya, domin akwai wurin.

Abin da ya faru a gabanku ya taɓa faruwa kusan kamar yadda kuka ba da shi, kuma Luka ya rubuta shi a sura 13, aya 10 zuwa 17. Yesu yana koyarwa a majami'a ranar Asabar, ga wata mace da ta shekara 18 a tanƙware, ba ta iya miƙewa ko kaɗan. Matar ba ta roƙi komai ba. Shi ne ya gan ta, ya kira ta, ya ce mata an kwance ta daga rashin lafiyarta, ya ɗora mata hannu, nan take ta miƙe tana ɗaukaka Allah. Shugaban majami'ar ya husata, amma bai fuskanci Yesu ba, sai ya juya ga taron ya ce akwai kwana shida na aiki, a zo a cikinsu a nemi warkarwa, ban da ranar Asabar. Ina roƙonku, Baba, kada ku ɗauki wannan shugaba a matsayin mugun mutum, domin in muka mai da shi mugu ba za mu taɓa ganin kanmu a cikinsa ba. Mutum ne da aka danƙa wa tsaron tsari, kuma yana da hujja. Malaman Yahudawa sun yarda cewa idan rai yana cikin haɗari ana iya ajiye dokar Asabar a ceci mutum, wannan kuwa yana rubuce a cikin Mishna, littafin da ya tattara koyarwarsu wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, inda kuma aka lissafa ayyuka 39 da aka hana a ranar. To ciwon da ya shekara 18 ba zai kashe mai shi kafin faɗuwar rana ba. Lissafin shugaban ke nan: wadda ta jira shekara 18 tana iya jiran kwana ɗaya. Haka ku ma kuka lissafa, cewa wadda ta jure tun watanni tana iya jira zuwa Laraba.

Amsar da Yesu ya bayar tana da zurfi fiye da yadda muke karanta ta da sauri. Ya ce kowannensu yakan kwance sansa ko jakinsa daga turke ranar Asabar ya kai shi ya sha ruwa, to yaya wannan ɗiyar Ibrahim, wadda Shaiɗan ya ɗaure shekara 18, ba za a kwance ta a ranar Asabar ba? A Helenanci, harshen da Luka ya yi rubutu da shi, kalmar kwance dabba da kalmar kwance matar tushensu ɗaya ne, kuma kalmar “wajibi” da shugaban ya yi amfani da ita sa'ad da ya ce wajibi ne a yi aiki cikin kwana shida, ita ce Yesu ya mayar masa sa'ad da ya ce wajibi ne a kwance ta. Ashe Yesu bai nemi alfarma ba, bai ce a yi masa haƙuri ya karya doka sau ɗaya saboda tausayi ba. Abin da ya nuna shi ne ranar Asabar ce ta fi kowace rana dacewa da wannan aiki. Dalilin yana cikin Shari'ar Musa kanta. A Fitowa 20 an kafa Asabar a kan hutun Allah bayan halitta, amma a Maimaitawar Shari'a 5, aya 12 zuwa 15, an kafa ta a kan fitowa daga Masar: ku huta, bawanku da baiwarku da sanku da jakinku su huta, ku tuna dā ku bayi ne, Ubangiji ya fito da ku da hannu mai ƙarfi. Ranar tunawa da kwance sarƙa ce, shugaban kuwa yana so ya kiyaye ta ta wurin barin mace a ɗaure. Mu da muke taruwa ranar Lahadi saboda a ranar ce Almasihu ya tashi daga matattu, hujjar ta fi ƙarfi a kanmu, domin abin da muke taruwa mu shaida kowane mako shi ne an karya ikon zunubi da mutuwa.

Ku lura kuma da sunan da ya kira ta da shi. A dukan Sabon Alkawari nan kaɗai aka ce da wata mace ɗiyar Ibrahim, kamar yadda a Luka 19:9 ya ce da Zakka mai karɓar haraji ɗan Ibrahim a gaban waɗanda suke gunaguni. Shekara 18 matar tana kallon ƙafafun mutane da ƙasan majami'a, wataƙila ba wanda ya san ta da wani suna sai “tanƙwararriyar nan”. Kafin a gama maganar bayanta, ya mayar mata da matsayinta a cikin jama'ar Allah, kuma ya yi haka a bainar jama'a, domin a bainar jama'a aka saba raina ta. Wannan ne ya sa ban yarda a ce da an bari sai Laraba ba. Addu'ar Laraba mutum nawa ke zuwa? A yawancin ikilisiyoyinmu na Kaduna, in an sami kashi ɗaya cikin biyar na masu zuwa Lahadi an gode Allah. Waɗanda suka matsa daga bencinta suna toshe hanci ranar Lahadi suke zuwa, saboda haka a gabansu ya kamata a ga hannun fasto a kanta da hannuwan iyaye mata a kafaɗunta.

Yanzu ga maganar horo, wadda ita ce ainihin damuwarku. Ni ban ƙi horo ba, na zauna a majalisar dattawa shekaru masu yawa, na kuma sa hannu a kan horon mutane. Yesu ya koyar da shi a Matiyu 18:15-17, Bulus ya umarta a 1 Korintiyawa 5, ikilisiyar da ba ta iya ce wa ɗanta “ka yi laifi” kuwa ta daina ƙaunarsa. Amma sai mu tambayi abin da horo yake hanawa da abin da ba ya hanawa. A al'adar ikilisiyoyinmu, wanda ke ƙarƙashin horo ba ya cin Jibin Ubangiji, ba ya riƙe muƙami, ba ya tsayawa cikin mawaƙa ko ya ja addu'a, har sai an ga tuba an karɓe shi. Fasto bai ba yarinyar nan Jibi ba, bai mayar da ita cikin mawaƙa ba, bai kuma sanar cewa horonta ya ƙare ba. Addu'a ya yi mata. Ban san wata aya ɗaya da ta ce a hana wanda ke horo addu'a, ko a hana a taɓa shi, ko a ji kukansa a yi kamar ba a ji ba. Abin da na sani shi ne 2 Tasalonikawa 3:15, inda Bulus ya ce kada a ɗauki irin wannan mutum a matsayin maƙiyi, a gargaɗe shi kamar ɗan'uwa. Akwai kuma 2 Korintiyawa 2:6-8, inda ya ce hukuncin da jama'a suka yi wa mai laifin ya isa, yanzu a gafarta masa a ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki mai yawa ya haɗiye shi, a kuma tabbatar masa da ƙauna. Bulus ya san horo yana iya wuce gona da iri har ya cinye wanda aka so a gyara. Yarinyar da ta binne ɗanta, jikinta ya lalace, take wanke zannuwa sau uku a rana don kada a ji warinta, amma duk da haka ta ɗauki ledarta ta zo majami'a kowace Lahadi ta zauna inda kuka ce ta zauna, wace shaidar tuba ce kuma majalisa take jira daga gare ta?

Zan gaya muku abin da ya sa wannan magana take taɓa ni. A wata ikilisiya da na yi hidima, mun sa wani saurayi a horo na wata shida saboda shaye-shaye. Wata shida suka cika a daidai lokacin da muke fama da ginin majami'a, majalisa tana zama a kan siminti da kwanon rufi, maganarsa ba ta shiga ajanda ba. Ya ci gaba da zama a bencin baya har wata goma sha ɗaya, ba wanda ya je gidansa, ni ma ban je ba. Wata rana na duba wurin zamansa na ga babu kowa. Bayan shekara biyu na gamu da shi a tashar mota ta Kawo yana lodin kaya, ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, da na tambaye shi dalilin da ya daina zuwa sai ya ce, “Baba, na ɗauka kun manta da ni ne.” Gaskiya ya faɗa, kuma alhakinsa yana wuyana har yau. Tun daga lokacin ban ƙara yarda a sa mutum a horo ba sai an naɗa dattijo ko uwa daga zumunta da za ta riƙa ziyartarsa kowane mako, an kuma rubuta ranar da za a sake duba maganarsa. Hausawa suna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Galatiyawa 6:1 kuwa ta ce a komo da wanda ya faɗi cikin ruhun tawali'u, kowa yana lura da kansa.

Akwai tambayar da ba ku yi ba amma dole in yi muku: ina wanda ya yi mata cikin? Sau da yawa horonmu a kan mace yake sauka, domin ita ce laifinta yake fitowa a jiki, namijin kuwa ya koma wata ikilisiya a Narayi ko Gonin Gora ya ci gaba da kaɗa jita. Idan ɗan ikilisiyarku ne kuma majalisa ba ta kira shi ba, to akwai gyara a tsarin da kuke karewa tun kafin fasto ya sauko daga bagade.

Inda kuke da gaskiya shi ne sujada tana bukatar tsari. Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 14:40 a yi kome yadda ya dace bisa ga tsari, kuma mutanen da suka tsaya a rana minti 40 da jarirai a baya su ma 'yan'uwa ne da ya kamata a ba su haƙuri. Ya kamata faston ya zauna da ku dattawa a ranar ya bayyana abin da ya gani, domin shi da ku kuke kiwon garken, kuma bai kyautu ya bar ku kuna jin an yi watsi da ku ba. Akwai kuma wani haɗari da masu tausayi sukan manta: jawo hankalin taro ga mai irin wannan ciwo yana iya zama ƙarin tonon asiri. Na ji daɗi da kuka ce shi ya je wurinta, matan kuma suka kewaye ta suka rufe ta, bai sa ta taka zuwa gaba da jiƙaƙƙen zane ba, bai kuma ambaci ciwonta a lasifika ba. Da ya yi haka da na ce ya yi kuskure. Amma ku duba surar da ta yi maganar tsari, za ku ga ma'aunin da Bulus ya maimaita a cikinta shi ne a yi kome domin gina ikilisiya, kuma sura 13 da ke gabanta gaba ɗaya a kan ƙauna take. Jadawalin sujada, da sa'ar da aka ware wa sanarwa da baiko da waƙar zumunta, mu muka tsara su, kuma mukan tsawaita su ba tare da gunaguni ba ranar godiya ko ranar da babban baƙo ya zo. Idan ana iya ƙara minti 40 saboda gidauniyar gini, ana iya ƙara su saboda ɗiyar ikilisiya da ke kuka.

Sai maganar cewa ba ta warke ba. A nan ina so in yi taka-tsantsan, domin garinmu ya cika da masu koyar da cewa duk wanda aka yi wa addu'a bai warke ba, ko dai bangaskiyarsa ta gaza ko akwai ɓoyayyen zunubi. Wannan koyarwa ba ta tsaya a kan Littafi ba. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, amsar da ya samu a 2 Korintiyawa 12:9 ita ce alherin Allah ya ishe shi. Ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas, ya shawarci Timoti a kan ciwon cikinsa da yawan laulayinsa, ya kuma kira Luka ƙaunataccen likita. A Yohanna 9, da almajirai suka tambaya zunubin wa ya sa aka haifi mutum makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Ko matar Luka 13 da ya ce Shaiɗan ya ɗaure ta, bai ɗora mata laifi ba, bai sa ta birgima a ƙasa ba, bai karɓi ko anini a hannunta ba. Saboda haka ba a auna dacewar addu'a da saurin warkewa. Yakubu 5:14 ya ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai cikin sunan Ubangiji, wato aikin da fasto ya yi ranar nan, a bisa ga wannan aya, aikinku ne ku dattawa tun farko. Ina kuma gargaɗinku ku tsare yarinyar daga masu sayar da mai da ruwa a kwalba, waɗanda za su ce mata aljani ne ko maita, su cinye ɗan abin da iyayenta suke da shi.

Yoyon fitsari ba hukuncin Allah ba ne a kan cikin da aka yi ba aure, domin matan aure da yawa suna fama da shi. Yakan faru ne idan naƙuda ta daɗe, kan jariri ya tokare a ƙugu ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Da an kai ta asibiti an yi mata tiyata a kan lokaci, da wataƙila ita da ɗanta suna lafiya, kuma ya kamata majalisa ta tambayi kanta ko kunyar horo ce ta sa iyayen suka ɓoye ta a ƙauye nesa da asibiti. Abin farin ciki shi ne yawancin masu wannan ciwo suna warkewa da aikin tiyata. Ana yin aikin a asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Zariya, ana yi a cibiyar Evangel da ke Jos wadda aka fi sani da Jankwano, ana kuma yi a Babbar Ruga ta Katsina, wadda dā asibitin kutare ce da 'yan mishan suka yi hidima a cikinta. Kai mara lafiya wurin likita ba raunin bangaskiya ba ne a tarihinmu. Dakta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya tun 1905 kuma ya yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, likita ne, asibitin Wusasa kuma daga wannan aikin mishan ya fito. Waɗanda suka kawo mana bishara da Littafi da magani suka zo tare.

Shawarata gare ku, Baba, ita ce ku nemi majalisa ta zauna cikin wannan mako, kuma ku da kanku ku kawo maganar, domin in ta fito daga bakin wanda ya yi ƙorafi za ta fi nauyi. A aika dattijo ɗaya da iyaye mata biyu su je gidan su ji daga bakinta, a duba ko lokaci bai yi ba da za a ɗage horon a karɓe ta a gaban jama'a. Ko da majalisa ta ga a bar horon ya cika wa'adinsa, a cire kuɗin mota da na abinci daga asusun taimako, a sami uwa ɗaya daga zumunta da za ta raka ta Zariya ta zauna da ita, domin bayan aikin za ta yi kamar mako biyu da robar fitsari kuma za ta bukaci mai jinya. Kafin nan a saya mata sabulu da zannuwa da audugar mata. Ranar Lahadi mai zuwa kuma, in Mama uwargidanku za ta yarda, ku ce mata ta ɗauki littafin waƙoƙinta ta je ta zauna a bencin baya kusa da yarinyar, su riƙe littafi ɗaya.